Musu a Kan Duniyar da Babu Ita: Darasin Lissafin Lokaci da Kafa Hujja Daga Littattafan Tolkien

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Ni kuwa ranar da na sha kaye a musu, gani ne ya kai ni ya baro. Wata rana ni da wani abokina ɗan Sashen Ingilishi muka kalli kashi na farko na fim ɗin The Lord of the Rings, wato Ubangidan Zobba. Da aka gama sai hira ta ɓarke. Na ce abin da ya burge ni shi ne yadda yaron nan Frodo, daga karɓar zobe ko wata guda bai yi ba ya kama hanya. Abokina ya kwashe da dariya, ya ce, "Haba Malam, wane yaro? Ai shekara 17 zoben nan ya yi a hannunsa kafin ya bar gida, kuma ranar da ya fita shekarunsa 50." Na ce sam, ai da idona na gani. Muka yi ta sa-in-sa har 'yan ɗakin da ke kusa da mu suka taru. Shi dai bai ƙara cewa uffan ba, sai ya jawo ƙaton littafin daga akwati, ya buɗe can ƙarshe inda aka jera shekaru, ya miƙo mini. Nan take bakina ya mutu.

Da abin ya tsaya nan, da da sauƙi. Ba a daɗe ba na tashi gabatar da jinga a aji a kan wani ƙagaggen labari na Hausa, na faɗi wata magana da na tsinta a takardar wani ɗalibi. Malam ya ce, "A wane shafi ka ga haka?" Na rasa ta cewa. A ranar na gane cewa cutar guda ce, wato yin magana a kan littafi ba tare da an koma ga littafin ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba irin muhawarar da masoya littattafan Tolkien ke yi a kan shekaru da asalin taurarin labaransa, domin mu ɗaliban harshe mu ciro darasi a kan yadda ake lissafin lokaci a cikin labari, da yadda ake auna ruwayoyi masu karo da juna, da kuma yadda ake kafa hujja daga matani.

2.0 Marubucin da Duniyarsa

An haifi John Ronald Reuel Tolkien ranar 3 ga Janairu, 1892, a garin Bloemfontein na Afirka ta Kudu. Ya tashi a Ingila, ya kuma rasu ranar 2 ga Satumba, 1973. Sana'arsa ita ce nazarin tarihin harsuna. Ya yi aiki da masu tsara babban ƙamus na Oxford, sannan ya riƙe kujerar farfesa a Jami'ar Oxford daga 1925 zuwa 1959. Tun yana saurayi yake ƙagen harsuna. Biyu daga ciki suka fi shahara: Quenya, wanda ya ɗauko ƙamshinsa daga harshen mutanen Finland, da Sindarin, wanda ya gina tsarin sautinsa bisa harshen mutanen Wales. A wata wasiƙa ta 1955 ya bayyana cewa harsunan ne suka riga zuwa, daga baya ya ƙagi labaran domin harsunan su sami ƙasa da masu magana da su.

Wannan ƙasa ita ce za mu kira Tsakar-Duniya. A cikinta akwai Mutane, da Elfawa waɗanda tsufa ba ya kashe su, da Wadanni masu haƙar duwatsu, da Hobitawa, wasu gajerun mutane masu son noma da zaman gida, da Orkawa mayaƙan mugun sarki, da wasu 'yan tsirarun masihirta irin su Gandalf. Duk wannan ƙage ne zalla, kuma a matsayin ƙage za mu nazarce shi.

A zamanin rayuwarsa an buga The Hobbit a 1937, da The Lord of the Rings cikin juzu'i uku a 1954 da 1955. Bayan rasuwarsa, ɗansa Christopher ya tattara takardun da ya bari ya fitar da The Silmarillion a 1977, da Unfinished Tales a 1980, da kuma The History of Middle-earth mai juzu'i 12 daga 1983 zuwa 1996. An buga zaɓaɓɓun wasiƙunsa a 1981. Mai karatu ya riƙe wannan rabo na abin da aka buga yana raye da wanda aka buga bayan ransa, domin kusan duk musun daga nan ya samo tushe.

3.0 Dalilin Musun

A tatsuniya, ana iya yi wa Gizo dukan kawo wuƙa a daren yau, gobe da dare ya fito garau shi da Ƙoƙi, kuma babu yaron da zai tambayi kaka yadda aka yi. Dalili kuwa shi ne tatsuniya ba ta yi wa kowa alkawarin shekara ko wata ba. Da "wata rana" da "ana nan, ana nan" take tafiya. Tolkien kuwa ya yi alkawari. Ya zana taswira, ya tsara salsalar gidaje, ya ƙirƙiro kalanda, ya kuma liƙa rataye guda shida a ƙarshen juzu'i na uku. A wata lacca da ya gabatar a Jami'ar St Andrews a 1939 ya nuna cewa wanda ya ƙagi duniya wajibi ne ya kiyaye dokokinta, domin da zarar ya karya su mai karatu zai farka daga labarin. To, in mutum ya ce zai haɗiye gatari, sai a riƙe masa ƙota. Abin da masoyansa suka yi ke nan.

Dalili na biyu shi ne tsawon lokacin rubutun. Tun wajejen 1917 ya fara, kuma bai daina gyara ba har ƙarshen rayuwarsa. Mutumin da ya yi shekara fiye da 50 yana saƙa labari ɗaya, dole a sami inda ya sauya ra'ayi. Dalili na uku, ɗansa bai ɓoye waɗannan sauye-sauye ba, ya buga su a fili kowa ya gani. Saboda haka aka sami ƙungiyoyi da mujallu na masu wannan nazari. Ƙungiyar Tolkien ta Birtaniya, alal misali, an kafa ta ne a 1969.

4.0 Lissafin Lokaci

4.1 Jadawalin Shekaru

An kasa tarihin Tsakar-Duniya zamani-zamani, kuma kowane zamani daga shekara ta 1 yake fara ƙirga. Zamani na Biyu ya yi shekara 3441, na Uku kuma ya yi 3021. Ga kaɗan daga abin da rataye na biyu da sauran ratayen suka nuna:

Zamani na Biyu
Wajejen 1600: Sauron ya ƙera Zoben.
3319: tsibirin Númenor ya nutse.
3441: an kayar da Sauron, Isildur ya ɗauke Zoben.

Zamani na Uku
2: an kashe Isildur, Zoben ya ɓace a kogin Anduin.
Wajejen 2463: an tsinci Zoben, Gollum ya yi kisa ya mallake shi.
2890: haihuwar Bilbo.
2931: haihuwar Aragorn.
2941: Bilbo ya tsinci Zoben.
2968: haihuwar Frodo.
3001: Bilbo ya yi walimar bankwana, ya bar wa Frodo Zoben.
3018: Frodo ya bar gida ranar 23 ga Satumba.
3019: Zoben ya halaka ranar 25 ga Maris.
3021: Bilbo da Frodo sun haye teku.

Da wannan jadawali ɗalibi zai iya amsa tambayoyi da dama da kansa. Idan aka ɗebe 3001 daga 3018, saura 17, wato shekarun da suka kayar da ni. Idan aka ɗebe 2968 daga 3018, za a ga shekarun Frodo 50. Bilbo kuwa yana da 111 ranar walima, Frodo yana da 33, kuma ranar haihuwarsu ɗaya, 22 ga Satumba.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne lissafin da ya ƙetare zamani. A ce an tambaye ka shekara nawa Zoben ya yi a duniya. Mai gaggawa zai ɗebe 1600 daga 3019 ya ce 1419. Kuskure ne, domin lambobin biyu ba na zamani ɗaya ba ne. Da farko sai ka ɗebe 1600 daga 3441, ka sami 1841, wato abin da ya rage na Zamani na Biyu. Sannan ka haɗa da 3019, ka sami 4860. Amma tun da "wajejen 1600" aka ce, kai ma dole ka ce "wajejen shekara 4860". Lissafi ba ya fin tushensa tabbas.

4.2 Kalanda

Hobitawa ba sa ƙirga da shekarun Zamani na Uku. Suna farawa ne daga shekarar da suka zauna a ƙasarsu ta Shire, wadda ta zo daidai da 1601. Saboda haka in ka ga 1401 a bakin Bahobice, sai ka ƙara 1600 ka sami 3001. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya saba mayar da shekarar Hijira zuwa Miladiyya, sai dai nasu ya fi sauƙi, domin tsawon shekarun biyu ɗaya ne.

Kalandarsu tana da wata 12, kowane wata kwana 30, sai wasu kwana 5 na bukukuwa da ba sa cikin kowane wata. Ke nan a wurinsu akwai 30 ga Fabrairu. Ratayen da ya yi bayanin kalanda ya nuna cewa ranakunsu suna gaba da namu da kimanin kwana 10. Daga nan wani musu ya taso: masu bikin tunawa da haihuwar Bilbo da Frodo ranar 22 ga Satumba ta kalandarmu, daidai suke yi ko kuwa sun makara da kwanaki? Wasu suka riƙe sunan ranar, wasu suka riƙe matsayinta a cikin shekara, kuma kowane ɓangare yana da abin kamawa.

4.3 Wata a Sama

A juzu'i na biyu taurarin labarin sun rabu gida-gida, kowane rukuni ya kama hanyarsa. Idan wannan rukuni ya ga wata ya cika a wani dare, tilas ne wancan ma ya gan shi cikakke a daren. A wasiƙun da Tolkien ya rubuta wa Christopher a 1944 ya yi ta kukan wahalar da wata da daidaita ranaku suka ba shi. Dabarar da ya yi ita ce ya ɗauki yanayin wata na shekarun 1941 da 1942 ya ɗora labarin a kai, ya kuma zana jadawali na inda kowa yake a kowace rana. Har ma ya mayar da abin ya zama wani ɓangare na labarin. Bayan ayarin ya fito daga dajin Lothlórien, Sam ya dubi wata ya ruɗe, domin a zatonsa 'yan kwanaki suka yi a can, alhali wata guda cur suka shafe.

4.4 Fim da Littafi

Fina-finan Peter Jackson na 2001 zuwa 2003 sun cire shekara 17 ɗin nan domin labari ya yi sauri. Amma cire dutse ɗaya daga gini yana girgiza saura. A littafi, lokacin da Bilbo ya tsinci Zoben a 2941, Aragorn yaro ne ɗan shekara 10. A fim ɗin The Hobbit na ƙarshe, na 2014, an ambace shi a matsayin matashi wanda ya riga ya yi suna a daji. Masu riƙe da littafi suka ce kuskure ne. Masu kare fim suka ce a yi lissafi: Aragorn yana da 87 lokacin da ya haɗu da Frodo, tsakanin tafiyar Bilbo da walima shekara 60 ne, in babu 17 ɗin nan kuwa, 87 a ɗebe 60 saura 27. Kowa ya yi daidai a gidansa. Kuskuren shi ne auna hatsin wannan kasuwa da mudun waccan. Haka kuma shirin talabijin na The Rings of Power, wanda aka fara nunawa a 2022, ya haɗa zamanin ƙera zobba da rayuwar Isildur wuri ɗaya, alhali a littafi akwai kimanin shekara 1600 tsakaninsu.

5.0 Saɓanin Ruwaya

5.1 Bugu Biyu, Labari Biyu

A bugun The Hobbit na 1937, Gollum ya yi wa Bilbo alkawarin kyauta in ya ci shi a wasan kacici-kacici. Da ya nemi zoben ya rasa, sai ya ba da haƙuri, ya kuma nuna wa Bilbo hanyar fita. Da Tolkien ya zo rubuta babban labarin, ya mayar da zoben abu mai mallake zuciyar mai shi, sai wancan hali na Gollum ya zama ba zai yiwu ba. Don haka a bugu na biyu, na 1951, aka sauya babi na biyar: Gollum ya zama maci amana, ya bi Bilbo da tsinuwa yana kiran sa ɓarawo. Tolkien bai share ruwayar farko ba. Cewa ya yi ita ce ƙaryar da Bilbo ya fara faɗa wa abokansa domin ya halasta wa kansa zoben, kuma wannan ƙarya alama ce ta cewa zoben ya fara aiki a kansa. Ke nan mutum biyu na iya yin musu a kan wannan babi, kowa da littafi a hannu, kowa kuma yana da gaskiya, in ba su duba shekarar bugu ba.

5.2 Glorfindel Ɗaya Ne ko Biyu?

A The Silmarillion, wani jarumin Elfawa mai suna Glorfindel ya mutu a Zamani na Farko yana faɗa da wani dodon wuta, ranar da birnin Gondolin ya faɗi. Sai ga wani Glorfindel a Zamani na Uku ya ɗora Frodo a kan dokinsa a kusa da Rivendell. Shekara da shekaru masu karatu suna tambaya: takwara ne ko kuwa shi ne? Cikakkiyar amsa ta fito a juzu'i na 12 na The History of Middle-earth a 1996, inda aka buga wasu takardu da Tolkien ya rubuta dab da rasuwarsa. A nan ya yanke cewa mutum ɗaya ne, domin a dokar duniyarsa ana iya mayar wa Elfawa jiki bayan mutuwa, kuma ya fi karkata ga cewa a Zamani na Biyu ya dawo.

5.3 Ɗan Wane Ne Gil-galad?

The Silmarillion ya ce sarki Gil-galad ɗan Fingon ne. Kusan shekara 20 bayan haka Christopher ya fito ya ce shi ne ya zaɓi wannan ruwaya daga takardun mahaifinsa, kuma bai dace ba, domin ra'ayi ne da uban ya riƙe na ɗan lokaci kawai, kuma matsayarsa ta ƙarshe ita ce ɗan Orodreth ne. A ganina wannan shi ne darasi mafi girma a duk maƙalar nan. Littafin da aka buga bayan ran marubuci akwai hannun edita a ciki, kuma editan kirki shi ne mai iya cewa "na yi kuskure" a rubuce.

5.4 Asalin Orkawa

The Silmarillion ya kawo cewa daga Elfawan da aka kama aka azabtar aka samo Orkawa. Amma mai karatu da natsuwa zai lura cewa an kawo maganar ne a matsayin abin da masana na cikin labarin suka ɗauka. Da Bahaushe ne ya rubuta, da "wai" zai fara. Daga baya Tolkien ya so ya mayar da asalinsu ga Mutane, sai lissafin lokaci ya tare masa hanya, domin a tsohon tsarinsa an riga an yi yaƙi da Orkawa tun kafin Mutane su bayyana. Gyara wannan na bukatar ya tayar da jadawalin gaba ɗaya, kuma bai kammala ba har ya rasu.

6.0 Musun Adon Harshe: Fukafukan Balrog

Musun da ya fi kowanne daɗewa a kan jimla biyu kacal ya tsaya. A babin da Gandalf ya tare dodon wuta da ake kira Balrog a kan gada, marubucin ya fara kwatanta inuwar da ke kewaye da dodon da manyan fukafukai, ya kuma sa kalmar kwatance. 'Yan layuka kaɗan bayan haka sai ya ambaci fukafukan kai tsaye, babu kalmar kwatance. To, yana da fukafukai ko ba shi da su?

Wannan tambaya tamu ce, mu ɗaliban salo. Dubi wannan misali nawa: "Hadari ya taso daga gabas kamar baƙin bargo. Kafin la'asar bargon ya rufe gari." A jimlar farko kamantawa ce, saboda kalmar "kamar". A ta biyu kamantawar ta rikiɗa ta zama siffantawa, kuma babu Bahaushen da zai ɗauka bargon ulu ne ya sauko daga sama. Masu cewa babu fukafukai da wannan suke kafa hujja, suna ƙarawa da cewa da gadar ta karye dodon faɗawa ya yi cikin rami, bai tashi sama ba. Ɗaya ɓangaren kuwa suka ce jimlar farko tana nuna abin da aka hanga cikin duhu ne, ta biyu kuma abin da ya bayyana da dodon ya matso. Game da faɗuwa kuma, ai jimina ma tana da fukafukai amma ba ta tashi. Ni dai na fi karkata ga ra'ayin farko, saboda na ga yadda siffantawa ke biyo bayan kamantawa a harshenmu ma. Sai dai ban isa in ce matanin ya rufe ƙofa ba. Fim ɗin 2001 ya sa wa dodon fukafukai, amma wannan fahimtar masu fim ce, ba hujja ba ce.

7.0 Hanyoyi Biyu na Ba da Amsa

Wannan irin musu ya girmi littattafan Tolkien. Masoya labaran Sherlock Holmes na Arthur Conan Doyle sun daɗe da lura cewa raunin yaƙin da Likita Watson ya samu a kafaɗa yake a littafin 1887, amma a na 1890 ya koma ƙafa. Daga nan aka san amsa iri biyu. Akwai amsar cikin labari, wadda ke ɗaukar labarin kamar ya faru, ta ce wataƙila sau biyu aka harbe shi. Akwai amsar wajen labari, wadda ke duban marubuci, ta ce mantuwa ya yi.

Haka abin yake a nan. Me ya sa ruwayar Bilbo ta sauya? Amsar ciki: Bilbo ya yi ƙarya. Amsar waje: a 1937 marubucin bai san abin da zoben zai zama ba. Duka biyun halas ne. Rigima tana tashi ne idan wani yana magana daga ciki, ɗan'uwansa yana amsawa daga waje, a kwana ana jayayya ba a haɗu ba.

8.0 Darussa ga Ɗalibin Hausa

Na farko, a koma ga matani. Fim, ko takardar aji, ko abin da aboki ya faɗa, duk ba sa maye gurbin littafi.

Na biyu, a faɗi bugun da aka yi amfani da shi. Littattafanmu da aka daɗe ana sake bugawa, wajibi ne mai nazari ya duba shekarar bugun da ke hannunsa kafin ya ambaci shafi.

Na uku, a bambanta muryar marubuci da ta mai ba da labari da ta tauraro. Tom Bombadil ya kira kansa mafi tsufa, Gandalf kuma ya siffanta Treebeard da kusan irin wannan. Maganar tauraro iyakarta saninsa.

Na huɗu, a jera hujjoji daraja-daraja, a kuma bayyana ma'aunin da aka bi. Wasu manazarta suna fifita abin da marubuci ya buga da ransa, wasu suna fifita ra'ayinsa na ƙarshe ko da a takardar gwaji yake. Kowanne ka zaɓa, ka faɗa tun farko, kada ka riƙa sauyawa don neman nasara.

Na biyar, a tambayi inda lamba ta fito. Da yawanmu mun haddace cewa Bagauda ya fara sarautar Kano a 999. Amma littafin Tarihin Kano yawan shekarun da kowane sarki ya yi ya bayar. H. R. Palmer ne, a fassararsa ta Ingilishi ta 1908, ya ƙirga baya ya sanya shekarun Miladiyya. Ke nan 999 sakamakon lissafi ne, irin 4860 da muka samo a sama, kuma ƙarfinsa daidai yake da ƙarfin lambobin da aka tara.

Na shida, a yarda da shirun matani. Aragorn yana zaune a Rivendell yana yaro lokacin da Bilbo ya yada zango a can a 2941. Sun ga juna? Littafi bai faɗa ba. Game da Tom Bombadil kuwa, Tolkien ya rubuta a wata wasiƙa ta 1954 cewa da gangan ya bar shi a dunƙule. Inda marubuci ya yi shiru muna iya hasashe, amma mu kira shi da sunansa hasashe.

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga cewa musun masoya Tolkien iri uku ne: na lissafin shekaru, da na saɓanin ruwaya, da na fassarar adon harshe. An kuma ga cewa kayan aikin da suke warware shi da su, su ne dai waɗanda ake nema a wurinmu a jinga da kundin digiri. Wani zai ce ɓata lokaci ne a yi ta jayayya a kan ƙasar da babu ita. Ni kuwa gani nake fage ne mai arha na koyon sana'a, domin in ka yi kuskure a shekarun Frodo babu wanda ka zalunta, amma in ka yi shi a tarihin wani gari ko salsalar wani gida, ka taɓa mutane masu rai.

Ga ɗan aiki ga mai sha'awa. Na ɗaya, daga jadawalin da ke sama, shekara nawa Zoben ya yi a kogi, nawa kuma ya yi a hannun Gollum? Na biyu, mayar da 3019 da 3021 zuwa ƙirgar Hobitawa. Na uku, ɗauki Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ko Ganɗoki na Bello Kagara, ka fitar da duk kalmomin da ke nuna lokaci, ka tsara aukuwar labarin a jadawali, ka ga inda lissafi ya tsaya da inda marubucin ya bar shi a buɗe. Wanda ya gama, ya same ni mu yi musu, amma ya taho da littafinsa a hannu. Allah ya ƙara mana basira, amin.